Allura Ta Koma Ɗakin Sanyi

Zuwa ga ƙawata Allura,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, maigidanki Koci kuma jiki yana ƙara sauƙi. Ki gaishe min da shi, ki ce Aku ce, har yanzu bakin nan bai mutu ba.

Na kira ki har wayata ta gaji, ba kya ɗauka. In na tura saƙo sai ki ce "lafiya lau" ki yi gum. To ga takarda, ita dai ba a kashe ta.

An kawo mana sabon Darakta a cibiyar bincikenmu. Mutumin kirki ne, amma duk abin da bai ga amfaninsa da idonsa ba, tarkace ne a wurinsa. Ya sauko ɗakinmu na ƙasa, ya tsaya gaban na'ura, ya dubi bututai da tukunyar sanyi, ya ce, "Wai me kuke dafawa a nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk hoto da saƙon da ke cikin wayarka ɗaya da sifili ne aka jera. Mu so muke mu ajiye su a kan ƙwayar zarra, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar da ƙarfe ya ginu da ita. Kowace ƙwaya maganaɗisu ce 'yar mitsitsiya. In ta kalli sama, ɗaya ke nan, in ta kalli ƙasa, sifili. Da wata allura mai tsinin gaske muke tura su mu jera a kan faranti, da ita kuma muke karantawa. In abin ya yiwu, inda ake ajiya nan za a riƙa lissafi, na'urori su rage zafi da shan wuta."

Ya ce, "To ya yiwu?" Na ce saura kaɗan. Ya ce tun autarsa tana goye ake cewa saura kaɗan, ga ta yanzu tana sakandare. In ba mu nuna abin da ke aiki ba kafin ƙarshen wannan zangon aikin cibiyar, za a kwance na'urar, a ba masu binciken batir ɗakin.

Yanzu ga dalilin wasiƙar. Kin tuna shawararki dab da tafiyarki? Kika ce ƙwaya ɗaya ba ta da haƙuri, kafin a ƙifta ido ta juya da kanta, gara a jera shida, wannan sama wannan ƙasa, su tokare juna. Farfesa, shugaban ɗakinmu na lokacin, ya ce ɓata lokaci ne. To Farfesa ya yi ritaya, ni kuma na gwada. Allura, sun tsaya! Na rubuta, na hau sama na sha shayi, na dawo na same su yadda na bar su. Na kurma ihu har mai gadi ya leƙo da sanda.

Amma sau ɗaya ne kawai. Bakin allurar ya dakushe, kuma tun da kika tafi ba a sami mai gyara shi kamarki ba. Ba a banza muka laƙaba miki sunan ba. Ni kuwa kin san hannuna, cokali ma ba ya zama a ciki.

Ki zo, don Allah. Tunaninki ne, bai kamata a kwance shi da sukurdireba ba kya nan ba.

Taki har kullum,
Aku

*

Zuwa ga Aku,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta iso, na gode da gaisuwa, Koci yana amsawa.

Na yi farin ciki da jerin ya tsaya. Na karanta wurin har sau biyu.

Amma zuwa ba zai yiwu ba, kuma gara in faɗa miki yadda zamanmu yake don kada ki ɗauka wulaƙanci ne. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ni ce hannunsa. Da safe in taimaka masa ya yi wanka, in ɗaura masa ƙarfen ƙafa, in zaunar da shi kusa da taga, sannan in tsallaka titi zuwa makarantar da nake koyar da 'yan mata kimiyya. Saboda kusancin na karɓi aikin. Lokacin tara in dawo in ba shi magani. Yana takawa da sanda daga gado zuwa falo. Magana ce ta fi ba shi wahala. Mutumin da in ya daka wa 'yan ƙwallonsa tsawa a fili ana ji daga bakin titi, yau sunana ma gutsi-gutsi yake fitowa. Wa zan bar wa shi?

Ina da ɗakin gwaji a makarantar: maganaɗisu guda mai siffar kofaton doki, da gwangwanin garin ƙarfe. Yaran suna son sa. Ya ishe ni.

Game da allura, ina zargin da ƙarfi kike soka ta. Ki nemi wuri mai tsabta a farantin, nesa da jerin. Ki taɓa shi da bakin kaɗan, ki janye a hankali, ki duba hoto. In ƙwaya ta fito biyu-biyu, bakin ya rabu, ki sake. Sai kin ga ta fito zagaye tas za ki tsaya. Ki kashe fankar baranda kafin ki fara, girgizarta tana shigowa ta bango. Kuma ki daina magana lokacin da kike yi. Na san wannan ne zai fi miki wuya.

Ina roƙonki kada ki sake tambayata zuwa. Allah ya ba ku sa'a.

Ƙawarki,
Allura

*

Allura tawa,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na ji, ba zan sake tambaya ba. Ban san nauyin ya kai haka ba, kin ɓoye mana da yawa. Allah ya ba Koci lafiya, ya saka miki.

Labari kawai zan ba ki. Na kashe fanka. Na rufe bakina, har na ɗaura gyale a kai, abokan aiki suna ta leƙowa su ga abin al'ajabi. Na bi bayaninki daki-daki, ƙwaya ta fito zagaye kamar ƙwayar ido. Na jera shida, suka tsaya tun safe har azahar. Sai na ce bari in jera na biyu kusa da su, tunda Darakta ba ajiya kaɗai yake son gani ba, har da lissafi. Ina tura ta huɗu atishawa ta zo min. Allurar ta nutse cikin faranti kamar garma. Jeri ya watse, baki ya lanƙwashe, sai da muka ɗumama na'urar muka buɗe ta. Kin san kafin ta sake yin sanyi an ci kwanaki.

Masu batir sun fara zuwa da tef suna auna bango. Ɗaya har ya tambaye ni ko soket ɗin kusurwa yana aiki. Na ce masa yana kama mutane.

Ban tambaye ki komai ba fa, ki lura.

Taki,
Aku

*

Malama Aku,

Sallama. Koci ne, mijin ƙawarki. Da hannun hagu nake rubutu, ki yi haƙuri, kamar tururuwa ta faɗa tawada. Waya ba ta yi min, kafin in gama gaisuwa kin yi barci.

Ba ta san na rubuto ba. Maƙwabcinmu zai kai gidan waya.

Ta karanta min wasiƙarki ta farko, ta tsallake ƙarshen. Da ta tafi makaranta na karanta da kaina.

Ga abin da na gani. Maganina irin mai kala biyu ne, rabi ja rabi fari. Tun da wasiƙarki ta zo, in ta zuba shi a tire sai ta jera, wannan ja a sama, wannan ja a ƙasa. Ta tsaya tana kallo, ta matsar da ɗaya da farce. Ni ina zaune da kofin ruwa ina jira. Ba ta ma san tana yi ba.

Na daɗe ina koyar da yara ƙwallo. Na san fuskar ɗan wasan da aka ajiye a benci yana cewa, "Ba komai, Koci." Ita ce fuskar da ke gidana.

Ta kula da ni yadda ba zan iya faɗa ba, ko da bakina yana nan. Amma na fi ƙarfin yadda take zato. Ina iya sa riga. Ba ta bari ne kawai.

Na yi magana da Yayata. Nas ce, ta yi ritaya, kuma ba ta da aiki sai neman wanda za ta yi wa faɗa. Ta yarda ta zo ta zauna da ni. Hutun makaranta ya kusa.

Ke ki tanadi wurin kwana. Sauran nawa ne.

Na gaji. Hannu ya ƙi. Ki huta lafiya.

Koci

*

Aku,

Gaisuwa a taƙaice, don ban gama hucewa ba. Ashe haɗa baki kuka yi.

Na dawo daga makaranta na tarar da akwatuna a falo, Yaya tana tsaye a kicin tana sake wa tukwanena wuri. Ta ce, "Amarya, sannu da zuwa, gishirinku ya yi yawa a gidan nan." Har yau amarya take ce min, ga furfura a kaina.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na faɗa wa Koci maganganu. Na ce na taɓa kai ƙara wurin wani? Na taɓa cewa na gaji? Ya bar ni na zazzage duka. Sannan ya ɗaga hannu alamar in jira. Kin san yadda yake fama kafin kalma ta fito, jijiyar wuya ta tashi, gumi ya karyo. Na saba in ƙarasa masa, wannan karon ya harare ni na yi shiru. Da ƙyar ya haɗa ta: "Ni mijinki ne. Ni ba uzuri ba ne."

Na fita na tsaya bayan gida wajen igiyar shanya na yi kuka mai isata. Gaskiya ya faɗa, ko da ba duka ba. Ina tsoron barinsa, wannan haka yake. Amma akwai wani tsoron da ban gaya wa kowa ba: kada in zauna gaban na'urar in tarar hannun ya tafi. Hannun da ya koma wanki da alli, me ya sani kuma game da ƙwayar zarra?

Zan zo ranar da aka ba da hutu, in koma ranar da aka dawo. Kada ki yi min alkawari wurin Darakta. Kada ki taɓa na'urar kafin in iso. In atishawa ta zo miki, ki hau sama.

Allura

*

Zuwa ga maigidana,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda ta yi kewa. Yaya jiki? Yaya ƙafar? A gaishe da Yaya da ɗawainiya. Na san in na kira sai ka yi ta fama da baki kana jin haushi, shi ya sa na bi hanyarka ta takarda.

Na sauka lafiya. Aku ta ba ni ɗakin ɗinkinta, ina kwana tsakanin keke da buhun ƙyallaye. Tana magana tun daga buɗe ido har a kan buroshi.

Ɗakin gwajin yana nan yadda na bar shi: matakala mai wari kamar na jiƙaƙƙen siminti, ƙofa mai nauyi, famfon iska yana ta bugawa a kusurwa. Har kujerata mai ɗingishi ba a jefar ba. Na'urar ta kai tsayinka, an naɗe ta da takardar azurfa, cikinta kuwa sanyin da babu irinsa a ko'ina a doron ƙasa, don in da ɗumi ƙwayoyin rawa suke yi. Ba a ganin komai da ido. A allon kwamfuta suke fitowa, kamar ƙananan duwatsu a fili.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar farko na sha kunya. Na dakusar da bakin allurar sau biyu a jere. Na hau sama na zauna a kan matakala ina lissafin motar komawa. Sai na tuna in na dawo Yaya za ta tambaye ni dalili, na ga gara na'urar.

Washegari na daina ƙoƙarin tuna yadda nake yi a da. Na yi kamar ina ɗaura maka ƙarfen ƙafa, a hankali, ina sauraron inda zai yi tsauri. Wajen la'asar ƙwaya ta fito zagaye. Yanzu muna da jeri biyu a tsaye, kuma na rubuta a kowanne na goge na sake rubutawa ba tare da ya watse ba.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar. Za mu sa jeri na uku a inda biyun suka haɗu, yadda zai juya ne kawai in duka biyun sun ce ɗaya. In ya yi haka, ƙwayoyin sun yi lissafi da kansu ke nan. Yanzu dai ya ƙi. Ko dai ya bi na hagu kamar raƙumi da akala, ko ya yi kunnen uwar shegu da su duka. Tazara ce matsalar, kuma tazarar ba ta wuce faɗin ƙwaya guda ba.

Ka riƙa motsa yatsun nan ko ba ka so. Ka gaya min gaskiyar yadda kake.

Matarka

*

Uwargida,

Sallama. Wasiƙa ta zo. Na karanta wa Yaya da bakina, ta ce ta gane rabi. An ci gaba.

Kin ce gaskiya, ga ta. Na faɗi a banɗaki. Ban ji ciwo ba sai gwiwa. Yaya ta tsaya a ƙofa ta ce, "Tashi." Na ce ta kama ni. Ta ce ita bayanta ciwo yake. Na yi ta fama da bokiti da bango har na miƙe. Da na fito na ga idonta ya yi ja. Ƙarya take, bayanta lafiya lau.

Kada ki taso. In kika taso na yi fushi.

Yanzu ina zuwa bakin ƙofar gida. Mai shagon kusa yana kawo kujera mu zauna. Shi yana magana, ni ina gyaɗa kai, ya ce bai taɓa samun abokin hira kamata ba.

Batun jerinki na uku. Ban san kimiyya ba, don haka ba ni da shawara. Ki ci abinci kawai.

Koci

*

Maigida,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Da na karanta batun faɗuwar sai da na ɗauko jaka. Aku ta zauna a kanta. Haka muka yi har na haƙura. Ka ce wa Yaya na gode, kuma zan rama.

Jiya Darakta ya sauko.

Kafin nan mun sha wuya. Na matsar da jeri na uku gaba, ya ƙi. Na dawo da shi baya, ya ƙi. Daga ƙarshe Aku ce ta ce, cikin surutunta, me zai hana a rage masa ƙwaya ɗaya ya yi sauƙin juyawa? Na ce mata shirme ne. Na kwana da abin, da safe na gwada, ya yi. Tun lokacin ba a zaman lafiya da ita a ginin nan.

Ya zo da mutum biyu daga hukuma, da shugaban masu batir, wanda ya shigo yana kallon bangonsa. Na ce su cire takalma, su tsaya cik, ban da tari. Na gaya masa tun farko cewa abin yana kuskure wani lokaci, kuma ba ya aiki sai cikin wannan sanyin, don haka kada ya sa ran ganinsa a wayarsa nan kusa. Ya ce ya ji.

Na ce ya zaɓa da kansa. Ya ce, "Ɗaya da sifili." Na rubuta a jerin biyu, muka duba na uku: sifili. Ya ce, "Sifili da sifili." Sifili. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗaya da ɗaya." Na rubuta. Layin da ke allon ya yi ɗan jim, sannan ya yi tsalle sama. Ya sa muka maimaita ta kowace fuska. Sau ɗaya ya ba da amsar banza, na nuna masa da yatsa kafin ya gani. Ya tambaya, "Wato babu waya a tsakaninsu? Su suka yi da kansu?" Na ce su ne. Shugaban masu batir ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya ce a sake yi ya gani.

Ba za a kwance na'urar ba. Za a nema wa masu batir wani ɗaki a sama.

Sai dai akwai abin da ya biyo baya. Darakta ya kira ni ofis ya ce yana so in dawo gaba ɗaya in jagoranci aikin. Na ce ina da miji marar lafiya, ina da ɗalibai masu jarrabawa a gaba. Ya ce in yi shawara, ba ya gaggawa.

Ban ba shi amsa ba, kuma ban san amsar ba. Ina so, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba zan zauna a wani gari kana wani ba, hutun nan ma da ƙyar na kai. Kuma raba ka da gidanka da maƙwabtanka ba ƙaramin abu ba ne. Ina nan tafe ranar da na ce. In na zo ma yi magana a tsanake.

Taka,
Allura

*

Uwargida,

Sallama. Barka, barka. Yaya ta yi guɗa har maƙwabta sun shigo tambayar wa ya haihu.

Ki dawo ki kai 'yan matanki jarrabawa, ba a barin wasa a tsakiya. Bayan nan mu tattara.

Kafin ki taso ki sa Aku ta fara nema mana gida. Sharaɗi biyu: marar bene, kuma kusa da filin da yara ke buga ƙwallo. Na sa an sayo min usur. Baki ya ƙi magana, amma iska tana nan. Na gwada shi a falo, Yaya ta zubar da shayi.

Ki ce wa Darakta e.

Mijinki,
Koci